Hanyar Maraɗi da Makomar Masana'antun Kano

Kaya iri uku ne ke bin hanyar da ta haɗa Kano da Maraɗi da Damagaram, kuma rayuwar unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai tana ɗaure da su duka. Akwai ɗanyar fata, ta awaki da ta tumaki, wadda aka barbaɗe da gishiri aka ɗaure, tana gangarowa daga Nijar da Chadi zuwa majemun Challawa. Akwai bokitin roba da buta da silifa da tabarma da sabulu da alawa da turare, ƙirar Kano, suna haurawa arewa. Sai kuma dilolin atamfa da shadda da leshi na ƙasar Sin, waɗanda suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome, suka zagayo ta Nijar, suka sauka a Kantin Kwari. Na farko shi ke ciyar da masana'anta, na biyu shi ne cinikinta, na uku kuwa da hannunsa dumu-dumu a rufewar yawancin masaƙun garin. Hanyar ɗaya ce, tirelolin iri ɗaya ne, wani lokaci ma attajirin ɗaya ne.

Shi ya sa duk lokacin da aka zauna tattauna yadda za a farfaɗo da masana'antun Kano, magana takan rabu biyu. Masu masaƙa da ma'aikatan da suka rasa aiki suna cewa a toshe iyaka, a kama 'yan fasa-ƙwauri. 'Yan kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau suna cewa in aka rufe iyaka an shaƙe Kano. Kowa yana da hujja. Amma an shafe fiye da shekara 30 masana suna nazarin wannan ciniki, kuma Najeriya ta gwada rufewa har sau uku. Ya kamata a ce yanzu mun wuce musu, mun koma duba abin da aka gano.

Kano ba ta taɓa yin sana'a don kanta kaɗai ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo garin a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano a shekara da kimanin wuri miliyan 300, ya kuma ga ana kai su har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Turkuɗin Kura Buzaye ne manyan masu sayensa. Jar fatar akuyar Sakkwato ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Iyakar da ake magana a kanta yau daga baya ta zo, ta yarjejeniyoyin Ingila da Faransa tsakanin 1890 da 1906, ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Magarya, garuruwan da jininsu ɗaya ne. Sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya juya fuskar fatauci daga Sahara zuwa teku. Gyaɗa ta samu, dalar gyaɗa ta tashi, gidaje irin na Alhassan Ɗantata suka bunƙasa.

Bompai ce ta fara karɓar injuna, tun kafin samun 'yancin kai, da kamfanonin matsar man gyaɗa da na sabulu da na alawa, yawancinsu na Kwarori. Sharaɗa, da kashinta uku, da Challawa da ke ƙaramar hukumar Kumbotso, sun cika ne a zamanin da kuɗin fetur ya yi yawa, shekarun 1970 zuwa farkon 1980. A lokacin aka ga masaƙar Bagauda ta Isyaku Rabi'u, da masaƙar Gaskiya ta Nababa Badamasi, da kamfanin fulawa na Bompai, da kekunan Raleigh. Kano ta zama ta biyu bayan Legas a yawan masana'antu. Sai dai tsarin da aka gina su a kai yana da rauni tun daga tushe: injin daga waje, kayan gyaransa daga waje, sinadari da rini daga waje, duk da dala mai araha, sannan gwamnati ta hana shigo da kayan da za su yi gogayya da su. Da dalar ta yi tsada bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ƙafa ɗaya ta karye. Da aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, ta biyu ta bi. A 2001 Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, a farkon 2005 kuma yarjejeniyar da ke ƙayyade cinikin tufafi tsakanin ƙasashe ta ƙare. A Kaduna, masaƙar KTL da aka buɗe tun 1957 ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. A Kano ma haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu harabobin suka koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su.

Najeriya ta sake haramta shigo da atamfa a farkon shekarun 2000, haramcin ya daɗe har 2015. A cikin waɗannan shekarun ne Kwari ta fi cika da atamfar Sin. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai tunani ya dakata.

Masu bincike sun bi sawun hanyar tun daga bakin teku. John Igue da Bio Goura Soule, 'yan Jamhuriyar Benin, sun wallafa nazari a 1992 inda suka nuna cewa ƙasarsu ta mayar da kanta rumbun Najeriya da gangan: duk abin da Najeriya ta haramta ko ta tsawwala wa haraji, Benin sai ta sassauta masa, ta karɓi nata ɗan kason, ta bar shi ya wuce. Stephen Golub, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, ya faɗaɗa wannan a 2012 da alƙaluman Benin da Togo, ya nuna yadda shigo da shinkafa da yadi da gwanjo da tsofaffin motoci a waɗannan ƙananan ƙasashe yake hawa da sauka daidai da dokokin Najeriya, ba daidai da bukatar mutanensu ba. Nijar ma ta shiga sahu, ta sanya haraji na musamman a kan kayan da ake wucewa da su zuwa Najeriya. Ma'ana, kayan da suke haram a Jibiya halal ne a Ɗan Isa da ke tsallaken iyaka, an biya musu kuɗi an karɓi rasit. A da kwantena takan taso daga Kwatano ta bi Parakou da Malanville, ta haye kogin Kwara zuwa Gaya, ta wuce Dosso da Birnin Ƙwanni ta sauka a rumbunan Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 1,300. Daga nan 'yan fito su karɓa, su shigar da ita Katsina da Kano. Legas ta fi kusa da Kano a kan wannan zagaye, amma duk da haka ɗan kasuwa ya ga zagayen ya fi masa sauƙi da araha. Laifin nan rabinsa na tashar Apapa ne da cunkosonta da shingayen hanya, ba na Maraɗi ba.

Bafaranshe Emmanuel Gregoire ya yi littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya bayyana yadda suka taso daga sayen gyaɗa suka zama manyan masu wucewa da kaya, musamman tun lokacin yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 da hanyar kudu ta toshe. Abin da ya fito fili a aikinsa shi ne amana: alhajin Maraɗi da na Kano suna ba juna kayan miliyoyi bashi ba takarda, saboda auratayya da zumunci da tsoron zubar da mutunci a kasuwa. A Kano kuwa, Yahaya Hashim da Kate Meagher sun fitar da nazarinsu a 1999 a kan cinikin ƙetare iyaka da kasuwar 'yan canji, wato duniyar Wapa da ke Fagge. Masu tsara manufofi na wancan zamani sun ɗauka cewa da zarar an karya darajar naira an saki kasuwa, cinikin bayan fage zai mutu da kansa. Binciken ya nuna akasin haka. Cinikin ya ƙara girma, ya ƙara tsari, ya saƙu da bankuna da jami'an hukuma, kuma nauyinsa ya karkata daga kayan gida zuwa kayan da aka yi a wata nahiya. Wannan gargaɗi ne ga masu yi wa fataucin iyaka kirari ba tare da sun duba abin da ke cikin motar ba. Ba kowane ciniki ne ke gina gari ba. Wanda ke fitar da wake da riɗi da bokitin Sharaɗa daban yake da wanda ke shigo da atamfar da aka kwaikwayi zanen wata masaƙar gida, aka buga mata sunanta, aka sayar da ita rabin kuɗi.

Wani bincike da ya kamata kowane mai faɗa a ji a Arewa ya sani shi ne na Jenny Aker da abokan aikinta, wanda ya fito a 2014. Sun kwatanta farashin gero da wake a kasuwannin da ke gefe biyu na iyakar Najeriya da Nijar. Sun ga lallai iyaka tana ƙara wa kaya tsada, amma tsadar tana raguwa ƙwarai inda al'umma ɗaya ce a gefe biyun. Har suka ga cewa a cikin Nijar kanta, tsakanin kasuwar Hausawa da ta Zabarmawa, akwai gibin farashi mai kama da na tsakanin ƙasa da ƙasa. Wato harshe da sanayya da yadda ake ba da bashi suna da ƙarfin da ya kai na shingen kwastan. Olivier Walther kuma ya ɗauki wani reshe na tsantsar lissafi, ilimin ɗigo da layukan da ke haɗa su, ya zana da shi taswirar hulɗar 'yan kasuwar Gaya da Malanville da Kamba, da ta Birnin Ƙwanni da Illela. Taswirar ta nuna mutane ƙalilan ne ke riƙe da gadojin da ke haɗa kasuwa da kasuwa, kuma ƙarfinsu yana tafiya da sanin jami'an hukuma. Idan aka rufe iyaka, waɗannan ba su ne ke tsayawa ba. Kuɗin fitonsu ne ma yake tashi.

An gwada, an gani. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Abin ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunansa. A watan Agusta na 2019 aka sake rufewa, musamman saboda shinkafa, aka kuma hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ba za a musa cewa injinan gyaran shinkafa sun ƙaru a Kano a wannan lokaci ba, manoman Kura da Bunkure da Garun Malam ma sun ga kasuwa. Amma hauhawar farashin abinci ta tashi daga kusan kashi 13 cikin ɗari a watan da aka rufe zuwa fiye da kashi 19 a Disambar 2020, ko da yake annobar korona ma ta sa hannu. Shinkafar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba, babura da ƙananan motoci suka riƙa shigo da ita ta daji. Wanda ya fi jin jiki shi ne mai masana'antar da ke da takardu, wanda ba zai iya loda tirelar katifa ko ta roba a bayan babur ba. A ƙarshen 2020 aka ji cewa an ba kamfanonin siminti na Dangote da BUA izini na musamman su fitar da kaya ta ƙasa. Mai ƙaramin kamfani a Sharaɗa kashi na uku ba shi da wannan ƙofa. Sai ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Masaƙa ko ɗaya ban ji an ce rufewar ta tayar ba.

Na ukun ya fi ciwo don ba don ciniki aka yi shi ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar da take ba Nijar. Motoci suka yi layi a Jibiya da Illela da Kwangwalam da Maigatari, albasa ta ruɓe, kasuwar dabbobi ta Maigatari ta yi sanyi, 'yan dako da direbobi da masu sayar da abinci a bakin iyaka suka zauna ba aiki. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar a Maris. Amma abin da ya fashe bai koma daidai ba. Nijar ta ci gaba da rufe gadar Gaya da Malanville, kayanta suka koma bin Lome da Burkina Faso da rakiyar soja. Ita da Mali da Burkina suka fice daga ECOWAS, ficewar ta tabbata a 29 ga Janairu 2025, suka kuma sanya harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancensu. Kowane gefe ya koyi amfani da iyaka a matsayin makami: kwastan ɗin Najeriya suka riƙa tare motocin hatsi a farkon 2024, Nijar ta hana fitar da hatsi a ƙarshen shekarar, ta kuma hana fitar da dabbobi gab da babbar sallar 2025. Mai masana'anta ba ya iya tsara aikin shekara a kan hanyar da sanarwa ɗaya ta rediyo za ta iya toshewa.

A Challawa ne wannan ya fi bayyana. Majemun da ke can, irin su Mamuda da Fata Tanning da Mario Jose, suna jeme fatar awaki da ta tumaki su aika Italiya da Sifaniya da Sin, kuma fata ta daɗe tana cikin manyan kayan da Najeriya ke fitarwa in aka cire fetur. Fatar gida ba ta isar su. Ƙirgin shanu kuwa yawancinsa tukunya yake shiga a matsayin ganda. Don haka dillalan fata suna tattarowa daga kasuwannin Nijar da Chadi da Kamaru da ma nesa da nan, kuma ko akuyar da aka yanka a mahautar Kano sau da yawa daga can ta fito. Duk ranar da aka tsayar da dabba ko fata a iyaka, ganga ce ta daina juyawa a majema, leburori ne za a sallama. Sannan tallafin ƙarfafa fitar da kaya da gwamnati ke ba su, wanda aka dakatar a 2014 na tsawon shekaru, ya nuna yadda wasu majemun suka jingina da takardar gwamnati fiye da ribar sana'a. Abin takaicin shi ne fatar tana fita ne a jeme, ta dawo mana a matsayin takalmi da jaka masu tsada, alhali masu ɗinkin takalma na Ƙofar Wambai da dukawan cikin gari suna neman fata mai kyau su rasa, su koma kan roba. Cibiyar nazarin fata da ke Samaru a Zariya tana nan, an kuma amince da manufar ƙasa kan fata a 2018, amma tazarar da ke tsakanin majema da mai ɗinki ba ta ragu yadda ya kamata ba.

Akwai kuma bashin da masana'antun nan suka ci na maƙwabtansu, wanda ba ya shiga lissafin ciniki. Ruwan da ke fita daga Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara ya tafi dam ɗin Wasai. Malaman Jami'ar Bayero da na wasu jami'o'i sun sha auna wannan ruwa da ƙasar da ake nomawa da shi, sun sami sinadarin kuromiyam na jima da wasu ƙarafa masu guba fiye da ƙima. Da shi ake ban-ruwan latas da kabeji da alayyahon da ke shiga kasuwannin gari. Wannan magana ce ta lafiya da haƙƙin mutane kafin komai. Amma ta shafi ciniki ma, domin masu sayen fata a Turai suna ƙara tsananta tambayar yadda aka jeme ta da inda ruwan ya tafi.

To in ba iyaka ce tushen ciwon ba, mene ne? Ka tambayi kowane manaja a rassan ƙungiyar masu masana'antu biyu na Kano, na Sharaɗa da Challawa da na Bompai da Jigawa, kafin ya ambaci Maraɗi zai ambaci wuta. Kano tana can ƙarshen layin da ya taso daga Shiroro ya bi ta Kaduna. An sayar da kamfanin rarraba wuta na KEDCO a 2013, amma abin da ke isowa bai kai bukatar gari ba. Masaƙa ba ta jure ɗaukewar wuta: zare ya tsinke, rini ya lalace a cikin injin, tukunyar tururi ta huce. Sai janareto, da dizal ko baƙin mai. An cire tallafin fetur a 29 ga Mayu 2023, aka saki naira a watan Yuni, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane ma'auni. A Oktoban wannan shekarar layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano ta yi fiye da mako cikin duhu. Akwai tashar hasken rana mai megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a 2023, akwai ƙananan tashoshin ruwa na Tiga da Challawa Goj da jiha ta daɗe tana aiki a kansu, amma duk in an haɗa su ba su wuce ɗigon ruwa a bakin mai ƙishi ba. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, an kuma sha ɗaga ranar kammala shi. A kan wannan ka ɗora kuɗin ruwan banki da ya haura kashi 25 cikin ɗari, da kuɗin ɗauko kwantenar sinadari daga Legas, da audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi da ta ja baya. Gwamnati ta ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don auduga da masaƙu a wajajen 2010, amma bashi ba ya gyara masaƙar da kowane yadin da ta fitar ya fi na kasuwa tsada tun daga bakin injin.

Wannan ne ya sa nake ganin fushin da ake yi da 'yan Sin masu kasuwanci a Kwari, duk da akwai dalilinsa, bai kai ga jijiyar matsalar ba. A 2012 jami'an shige da fice sun kama wasunsu a kasuwar, a 2015 marina suka yi zanga-zanga zuwa fadar Sarki. Gaskiya ne bai dace baƙo ya zo ya zauna a shago yana sayar da turmi ɗaya-ɗaya ba. Amma 'yan kasuwar Kano ne suka fara zuwa Dubai da Guwanzu da samfurin zane a jaka suna ba da oda. Sun yi abin da kowane ɗan kasuwa zai yi. Matar da ke haɗa lefen ɗanta kuwa, ba za a ce mata ta sayi turmi ɗaya a kuɗin biyu don kishin ƙasa ba.

A ɗaya gefen, waɗanda suka rayu sun nuna inda hanya take. Kamfanonin roba da silifa, masu taliya da biskit da lemo, Dala Foods da shayinta da kunun tsamiyarta na leda, Gongoni da turaren Bintu Sudan da ake nema daga Yamai har Sudan, duk suna yin kayan da ko dai sun yi nauyi da girma a ɗauko su daga Sin, ko kuma sai wanda ya san ɗanɗanon yankin zai iya yin su. Nisan Kano da teku, wanda yake cutar da ita wajen shigo da kayan aiki, shi ne kariyarta a kasuwar Sahel. Maraɗi da Damagaram kowacce ba ta kai kilomita 300 daga Kano ba. Faɗuwar naira ma, duk da azabarta, ta buɗe wata ƙofa: a 2019 sefa ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, a 2024 ta haura naira biyu, don haka kayan Kano sun yi wa mai sefa araha. Wannan kasuwa ce ta mutane miliyoyi masu jin Hausa, masu sanin alamar kayanmu, kuma ba a bukatar jirgin ruwa kafin a kai musu.

Manyan ayyukan da ake jira duk suna da fuska biyu. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Yamai ranar 7 ga Yuli 2019, wata ɗaya da 'yan kwanaki kafin ta rufe iyakokinta. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023. Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil ya fara shi a 2021 a kan kusan dala biliyan biyu. Ina goyon bayan dukkansu. Sai dai jirgi ba ya zaɓen kayan da zai ɗauka, kuma in ya riga gas da wuta isowa, zai fi yi wa mai shigo da kaya hidima a kan mai ƙerawa. Yarjejeniyar Afirka kuwa ƙarfinta yana ga takardar shaidar asalin kaya, wadda ke bambanta abin da aka yi a Nijar da abin da aka sauke a Nijar. In kwastan na nan da duwan na can ba su haɗa rajista ɗaya suna ganin kwantena tun daga tashar ruwa ba, takardar za ta zama wani abin saye a bakin iyaka. Abin da ya dace shi ne haraji madaidaici wanda biyansa ya fi zagaye sauƙi, da hanya mai sauri ga mai fitar da kayan gida, da rage shingayen da ke tsakanin Kano da Jibiya, da hukunci mai tsanani ga satar zane da sunan masaƙa. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971, an yi ta ne don irin wannan aiki, kuma ba ta dogara da ECOWAS ba. Shirin hanyar Kano da Katsina da Maraɗi da aka faro a tsakiyar shekarun 2000 shi ma yana nan a takarda, yana jiran wanda zai ɗauke shi da gaske.

Wani abin da ke damuna shi ne yawancin binciken da na ambata baƙi ne suka jagorance shi, da Turanci ko Faransanci, kuma ya fi karkata ga abin da ke shigowa da ga hatsi da dabbobi. Abin da Sharaɗa da Bompai ke fitarwa arewa shi ne aka fi bari a duhu, domin ɗan Nijar yakan zo Singa ko Sabon Gari ya saya da naira ya loda a mota, kamfani ya rubuta shi a matsayin cinikin gida. Saboda haka idan Abuja ta zauna auna ribar rufe iyaka da hasararta, kason Kano ba ya cikin ma'aunin. Wannan aiki ne da ba ya bukatar na'ura mai tsada. Jami'ar Bayero da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ta Damagaram, tare da rassan ƙungiyar masu masana'antu da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA da shugabannin direbobi, za su iya ajiye ɗalibai a Jibiya da Kwangwalam da Babban Mutum da Maigatari na shekara guda cur, rani da damina, suna rubuta abin da ya wuce, daga wane kamfani, zuwa wane gari, nawa aka biya a kowane shinge. A haɗa wannan da ƙidayar kamfanonin da ke aiki a unguwannin uku, da yawan ma'aikatansu, da kason kayansu da ke ƙarewa a hannun mai sefa. A buga sakamakon da Hausa, a karanta shi a rediyo, a kai wa gwamnonin Kano da Katsina da Jigawa da 'yan majalisar da ke wakiltarsu kafin wani ya sake ɗaukar alƙalami ya sa hannu a takardar rufewa.